Numfashin Mutum Biyu

Tun tana 'yar shekara huɗu 'yan gidansu suka laƙaba mata Usur. Idan ƙirjinta ya tashi, kana tsakar gida za ka jiyo numfashinta daga ɗaki yana fita da wata siririyar ƙara, fiii, fiii, sai ka ce alƙalin wasa ne ya busa. Yayyenta maza biyu su suka fara tsokanar. Da sun ji sai ɗaya ya ce, "A ajiye ƙwallo, an tashi." Ita ma ta kama dariya, dariyar ta juye tari, Yaya ta fito da tsintsiya ta fatattake su waje. Sunan ya bi ta makaranta, ya bi ta gidan miji, har ta kai ko a asibiti aka kira sunanta na gaskiya sai ta ɗan yi jim kafin ta amsa.

Asma ce, wadda tsofaffi ke cewa fuka. Mahaifiyarsu ta rasu Usur ba ta cika shekara uku ba, saboda haka Yaya, babbar 'yar gidan, wadda ta ba ta shekara goma sha huɗu, ita ta zame mata uwa. Yaya ce ta san yadda ake jingina ta da matashin kai biyu. Ita ta kafa dokar ba a kunna maganin sauro a ɗakin da yarinyar ke kwana, ba a shara tana ciki, kyanwa ba ta hawa shimfiɗarta. Ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba ta goya ta a guje zuwa asibiti ko takalmi babu a ƙafarta. Da aure ya zo mata ma sai da ta ɗaga shi shekara biyu, ta ce sai ƙanwarta ta iya riƙe abin shaƙarta da kanta. Kitso take yi a ƙofar ɗaki, kuma duk matar da ta zo tana zuba ƙamshi sai ta tare ta da murmushi ta ce, "Baiwar Allah, ɗan tsaya daga waje iska ta kaɗa ki tukuna, muna da mai ƙirji a ciki."

A haka Usur ta girma, ta san ciwonta ciki da waje. Abin shaƙa biyu take da su. Akwai mai ruwan ƙasa, na kullum, fesawa biyu da safe biyu da yamma ko tana lafiya, shi ke hana ciwon tashi. Akwai kuma shuɗi, na jaka, wanda ake zarowa idan ƙirji ya riga ya kama. Tun da ta riƙe wannan ƙa'ida sai ta yi shekara ba ta kwana a asibiti ba. Ta yi karatun koyarwa, aka ba ta aji ɗaya a wata firamare da ke bayan tashar mota, ta kuwa zauna a ajin nan kamar don ita aka gina shi. Da jiƙaƙƙen tsumma take goge allo saboda ƙurar alli. Idan yara suka cika surutu ba ta ɗaga murya, sai ta dafe ƙirji ta ce, "To, ku ci gaba, yanzu za ku ji an busa." Nan da nan aji ya yi tsit, don suna sonta.

Mijinta mai fentin mota ne, kuma fentin ne ya haɗa su. Hedimasta ya roƙe shi ya zo ya fesa wa ƙofar makaranta da lilon yara, ya kuwa zo ana tsakiyar darasi, iska ta kwaso warin ta zuba a aji ɗaya. Ranar sai gida aka kai Malama. Washegari ga shi a ƙofar aji, ya yi wanka fes, yana murza hula a hannu yana ba da haƙuri. Bayan kwana uku ya sake dawowa ya ji ya jiki. Da ya zo na huɗu sai ta ce masa, "Malam, jikin nan fa ya warke tun makon jiya. In da wata magana ka faɗe ta."

Da maganar aure ta taso, Yaya ta yi tsalle ta dire. "Duk mazan duniya ki rasa wanda za ki so sai mai warin fenti? Ke da ko ashana aka ƙyasta sai kin yi tari?"

Shi kuwa ya zo ya durƙusa a gabanta ya yi alƙawari: zai riƙa wanka a gareji, kayan aiki ba za su taɓa shiga gida ba, turare kuma ya bar shi har abada. Ya cika. Ɗaki biyu suka kama a saman wani shagon ɗinki, matakala goma sha tara daga ƙasa. Babu darduma, babu labule mai kauri, kuma duk ranar da ba aiki shi ke naɗe wando ya goge ƙasa da ruwa, ita tana zaune a baranda tana duba littattafan yara tana yi masa tsiya, wai ya bar lungu.

Abu ɗaya ne ya ƙi zuwa. Cikin farko ya zube yana wata biyu. Na biyu ya kai uku, har ta fara sakin ɗinkin siket, shi ma ya tafi. Daga nan shiru, shekara huɗu cur. Tana koya wa 'ya'yan mutane baƙi da wasali, tana ɗaure musu igiyar takalmi, tana share musu majina, in an tashi iyaye su zo su kwashe abinsu ta kulle aji ta tafi. Ba ta taɓa kuka a gaban kowa a kan haka ba, sai a gaban Yaya.

Tana shekara talatin da huɗu ciki na uku ya shiga.

A wurin awo akwai wata nas babba mai gilashi, wadda kowa ke kira Sista. Ta duba katin Usur, ta ɗago ta kalle ta ta saman gilashin.

"Malama, ki saurare ni da kyau. Wannan na kullum ɗin, kada ki kuskura ki ajiye shi. Yanzu numfashin mutum biyu kike yi. In iska ta yi miki kaɗan, shi ma na ciki ta yi masa kaɗan. Rashin iskar ne abin tsoro, ba maganin ba. Kin ji ko?"

"Na ji, Sista."

Ta kuma ji ɗin, har ta maimaita wa Mai Fenti kalma bayan kalma da ta koma gida.

Wata Asabar da la'asar Yaya ta zo yi mata kitso. Cikin yana mako goma. Suna baranda, Usur a ƙasa tsakanin gwiwoyin Yaya, lokacin magani ya yi, ta miƙa hannu ta ɗauko mai ruwan ƙasa ta fesa biyu. Yaya na ta tsaga gashi. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa kamar mai magana da kanta:

"Ni dai ban yi karatu ba, ku ne kuka sani. Amma anya wannan abin da kike zuƙa safe da yamma ba shi ke zubar miki da ciki ba? Wata da nake wa kitso ta ce 'yar'uwarta sai da ta bar duk wani magani sannan nata ya tsaya."

"Haba Yaya, ke da kika koya min shaƙa?"

"To ai da ba ciki kike da shi ba. Ni fa tsoro nake ji, Usur. Ba zan iya ganinki a halin nan karo na uku ba."

Usur ta yi dariya ta ce ta ja a hankali kada ta tsige mata ƙeya, aka shiga wata hira. Yaya ta gama kitso ta tafi. Maganar ce ba ta tafi ba.

Ta zaro takardar da ke cikin kwalin maganin, mai ƙananan rubutu, wadda ta sha karantawa. Ga layin nan: mai juna biyu ta tuntuɓi likita kafin ta yi amfani da shi. In ba shi da komai, me ya sa suka rubuta? Ta tuna cikin farko tana shaƙa, na biyu ma tana shaƙa. Ta san Sista ta fi Yaya sani, wannan ko tantama babu. Amma Sista ba ta taɓa goya ta ba, kuma ba Sista ce ta wanke mata zane sau biyu tana kuka ba. Ta ce wa kanta za ta rage kawai, zuwa cikin ya yi ƙwari. Ta koma fesawa ɗaya da safe. Bayan mako guda ta daina gaba ɗaya.

Matsalar ita ce Mai Fenti. Tun da aka ce ciki ne ya zama ɗan sandan magani, kullum kafin ya sauka sai ya ce, "Malama, an sha iska?" Don haka sai ta riƙa shiga banɗaki da gwangwanin, ta tura hannu ta taga ta fesa wa sararin Allah, fss, fss, yadda zai ji ƙarar daga ɗaki, kuma maganin ya ƙare a kan lokacinsa. Farko sai ta waiga ƙofa kafin ta fesa. Daga baya abin ya zama kamar wanke baki.

Sai kuma cikin ya tsaya. Ya wuce wata uku, inda na biyu ya zube mata. Ya shiga na huɗu. Wata safiya tana rubuta kwanan wata a allo ta ji wani abu ya motsa a ƙasan cibiyarta, kamar an taɓa ta da ɗan yatsa daga ciki. Allin ya faɗi. Yara suka ce, "Malama, lafiya?" Ta ce, "Lafiya lau, ku rubuta." A ranta ta ce ashe Yaya ta yi gaskiya. Ƙirjin ma bai nuna komai ba a makonnin farko, don irin wannan magani ba ya barin jiki rana ɗaya, ciwon kuma a hankali yake dawowa.

Watanni biyun nan su ne mafi daɗi a zaman aurensu. Mai Fenti ya sa kafinta ya yi ɗan gado mai shinge, ya fesa masa fenti ruwan madara da hannunsa, ya bar shi a bayan gareji wata guda yana shan rana don warin ya fita tas kafin ya hau da shi sama. Yakan ɗora kunne a cikinta ya ce, "Wannan mai hankali ne, ba ya busa." Ta ce, "Kai dai ka yi addu'a kada ya ɗauko hancinka."

A wata na shida matakalar ta fara yi mata tsawo. Sai ta tsaya a ta goma ta riƙe ƙarfe, ta yi kamar tana neman makulli a jaka. Tari ya riƙa tashinta kafin gari ya waye. Shuɗin, wanda a da yake wata da watanni a jaka ba a taɓa shi ba, ya zama sau uku, sau huɗu a rana. Ta gudu daga magani, ga ta tana shaƙar wani fiye da kowane lokaci, kuma ta ga hakan da idonta. Amma duk sanda ta ɗauki mai ruwan ƙasa da niyyar komawa, sai abin cikin ya motsa, sai ta ji kamar roƙonta yake yi.

A awo Sista ta ba ta bututun nan da ake hurawa a auna ƙarfin numfashi. Ta hura. Sista ta duba, ta ce ta sake. Ta sake.

"Malama, kina shaƙar na kullum kuwa?"

"Ina yi."

"Safe da yamma?"

"Safe da yamma, Sista."

Sista ta daɗe tana kallonta. "To, cikin ne ke tayar da shi, yakan faru a waɗannan watannin. Zan rubuta ki ga likita ranar Alhamis, ƙila a ƙara miki. In kin ji ba kya iya gama magana sai kin tsaya, kada ki jira kowa, ki taho."

Usur ta fito tana jin kunya kamar ɗalibar da ta yi satar amsa. A hanya ta yanke shawara: ranar Alhamis za ta faɗa wa likita gaskiya, ya yi mata faɗa in zai yi, ta koma maganinta.

Mura ta kama ta ranar Asabar. Ranar Talata Mai Fenti ya ce ta zauna a gida, ta ce yara na gwaji, kuma ba wanda zai riƙe mata aji. Wajen ƙarfe sha ɗaya wasu suka cinna wa bola wuta a bayan katangar makaranta, har da ledoji da tsohuwar taya. Baƙin hayaƙi ya shigo ta tagogin aji ɗaya. Ta fara fitar da yara tukuna, layi-layi, ta tabbata ba wanda ya rage, sannan ta dawo ta buɗe jaka. Ta fesa shuɗin sau ɗaya. Na biyu iska kawai ya bayar. Ta girgiza shi a kunnenta, ba komai a ciki.

Malamar aji biyu ce ta same ta a durƙushe, ta dafa benci da hannu biyu. Hedimasta ya fito da motarsa. A bakin tasha motoci suka cushe, yana ta danna ƙaho, Malamar aji biyu na riƙe da ita a baya tana yi mata fifita da littafin rajista. Ƙarar ƙirjinta ta cika motar. Can sai ƙarar ta fara raguwa, ta ragu, ta ɗauke.

"Alhamdu lillahi, ya lafa," in ji Malamar aji biyu.

Usur na jin ta, tana so ta ce mata a'a, ba lafawa ba ce, iskar ce ta daina wucewa, amma babu numfashin da za ta faɗi haka da shi. Abin da ta iya tunawa bayan nan kaɗan ne: fitilun silin suna gudu a samanta, abin roba a fuskarta, da wata murya tana cewa bugun zuciyar jaririn na sauka, a kira ɗakin tiyata.

Sai bayan kwana biyu ta dawo hayyacinta. Hannunta ya fara zuwa ciki, ta ji bandeji, ta ji wurin ya sauka. Yaya na zaune a gefen gado, idanunta sun kumbura. Mai Fenti yana tsaye a bakin ƙofa. Daga gareji ya taho a guje ranar da abin ya faru, da kayan aiki a jikinsa, ya ƙi matsowa kusa da ita saboda wari, ya kuma ƙi tafiya gida, har sai da Yaya ta kawo masa wasu kayan. Yanzu ma da ya canza, a hankali ya tako kamar mai neman izini.

"Mace ce," ya ce. "Tana kwalba. Tana da rai, Malama."

Washegari aka tura ta a keke zuwa ɗakin jarirai. Bakwaini ce, ba ta fi tsawon tafin hannun ubanta biyu ba. Fatarta ja, siririn bututu a hanci, an sa mata wata hula da ta yi mata yawa. Ƙirjinta na hawa da sauka da sauri, kowane numfashi sai fatar tsakanin haƙarƙarinta ta lotsa. Usur ta san wannan aikin, ta yi shi duk rayuwarta, amma ba ta taɓa ganinsa daga waje ba. Nas ta buɗe mata ƙaramar ƙofar gefe, ta wanke hannu ta zura yatsa ɗaya. Yarinyar ta riƙe. Riƙon ba ƙarfi, amma riƙo ne.

"Sannu," Usur ta ce. "Sannu, ki yi haƙuri."

Likitar da ke duba ta mace ce, ba ta kai ta shekaru ba. A rana ta huɗu ta jira Yaya ta fita ɗebo ruwan zafi, ta ja labule, ta zauna a bakin gado.

"Malama, ba faɗa zan yi miki ba, so nake in san yadda zan kula da ke. Yaushe kika daina na kullum?"

Likitar ba ta ma tambaya ko ta daina ba. Usur ta juya fuska bango.

"Tun yana wata uku."

Likita ta gyaɗa kai.

"Likita, ni na jawo mata?"

"Ba zan ce haka ba. Akwai masu shan magani daidai kuma ya tashi musu, ga mura, ga hayaƙi. Amma tunda kin tambaye ni, ba zan ɓoye miki ba: da kina shaƙa, da wuya ya kai inda ya kai."

"Waɗancan biyun fa da suka zube? Ba maganin ba ne?"

"Ba shi ba ne. Mata da yawa sun haihu lafiya suna shaƙarsa."

Yaya ta dawo da ruwan zafi ta same ta tana kallon bango, ta ɗauka barci take.

Yarinyar ta yi kwana biyar. Da azahar ta rasu, Usur na zaune a keke a gefen kwalbar. Sai a sannan aka cire bututun aka miƙo mata ita, karo na farko kuma na ƙarshe. Ba ta fi nauyin kwalin alli ba. Mai Fenti ne ya karɓe ta daga hannunta, shi da 'yan'uwansa suka tafi da ita. Usur ba ta iya bin su ko zuwa ƙofa ba saboda ɗinki.

Yaya ta tare a gidan wata guda. Ita ke dafa abinci, ita ke taimaka mata wanka, ita ke canza mata riga idan nono ya zubo, don jikin bai san abin da ya faru ba, yana ta shirya abincin wadda ba ta nan. Masu gaisuwa suka yi ta hawa da sauka suna cewa Allah ya ba da mai amfani, Usur na cewa amin. Ɗan gadon kuwa, wata safiya Mai Fenti ya ɗora shi a ka ya sauka da shi. Ba ta tambaye shi inda ya kai ba.

Bayan Yaya ta koma gidanta da kwana biyu, da safe, ya miƙo mata mai ruwan ƙasa kamar yadda ya saba tun dawowarta. Ta karɓa, ta riƙe, ta kasa kaiwa baki.

"Malam, zauna."

Ya zauna. Ta faɗa masa duka, har tagar banɗaki. Bai katse ta ba. Da ta gama sai ya daɗe yana kallon hannayensa, waɗanda fenti ya zauna a gefen farcensu duk wankin da yake yi.

"Wata huɗu," ya ce. "Wata huɗu ina jin ƙarar nan daga banɗaki, ina cewa alhamdu lillahi."

"Tsoro na ji."

"Ni ba ki ji tsoron in rasa ki ba? Kin san abin da suka ce min a ƙofar tiyata? Suka ce in sa hannu, ba su san wa za su iya fitarwa ba." Ya ɗago ya dube ta. "Wa ya ce miki ki daina?"

"Ba kowa. Ni na karanta a takarda."

"Ba kowa?"

"Ba kowa."

Ya tashi ya ɗauki makullinsa ya sauka. Tana jin takunsa har ƙasa. Da yamma ya dawo a kan lokaci, ya yi wanka a gareji kamar kullum. Bai taɓa ɗaga mata murya a kan maganar ba, bai kuma faɗa wa kowa ba, har mahaifiyarsa. Amma ya yi wajen wata biyar ba ya cewa komai sai abin da ya zama dole. Yana goge ƙasa, yana karɓo mata magani, yana tsayawa sai ya ga ta shaƙa a gabansa sannan ya fita. Ita kuma ba ta ga laifinsa ba. Da ya yi ihu ma da ya fi mata sauƙi.

A hankali magana ta dawo tsakaninsu, ba irin ta da ba, amma ta dawo. Ranar da ya fara yi mata wasa, a kan gishirin da ya yi yawa a miya, sai da ta shiga ɗaki ta yi kuka.

Yaya kuwa ta ci gaba da zuwa kitso duk bayan mako biyu, sai dai surutunta ya ragu. Kusan shekara guda bayan rasuwar, suna baranda, hannunta ya tsaya cak a tsakiyar kan Usur.

"Usur."

"Na'am, Yaya."

"Maganar nan da na taɓa yi miki."

"Wacce daga ciki? Ke da kike min magana dubu a rana."

"Ta abin shaƙar nan. Lokacin da kike da ciki." Yaya ta sunkuyo kusa da kunnenta. "Ba ki dai ɗauka ba ko?"

Usur na kallon titi ta tsakanin ƙarafan baranda. Matar nan ta doshi hamsin, gwiwoyinta sun fara ciwo, ba ta da abin da take taƙama da shi a duniya kamar cewa ta raini ƙanwarta ta rayu.

"Haba Yaya," ta ce. "Yaushe kika taɓa ganin na ji maganarki? Da ina jin maganarki ai da ban auri mai fenti ba."

Yaya ta yi wata 'yar dariya. Hannun ya ci gaba da kitso. Jim kaɗan Usur ta ji ɗigon ruwa mai ɗumi a ƙeyarta, ɗaya, biyu, ba ta juya ba. Ko Yaya ta yarda ko ba ta yarda ba, ba su sake tayar da zancen ba.

Likita ta ce za ta iya sake ɗaukar ciki, kuma da kulawa ba abin da zai hana ta haihu lafiya. Suka jira. Ba ta sake tsallake magani ko na rana ɗaya ba, ƙirjinta ya kwanta kamar ba shi ba. Cikin ne bai sake zuwa ba. Hedimasta ya taɓa ce mata in tana so ya mayar da ita aji biyar, wurin manya, ko za ta fi samun sauƙi. Ta yi godiya ta ce a bar ta inda take.

Shekara shida bayan rasuwar yarinyar, ranar ɗaukar sababbin ɗalibai, aka ajiye mata tebur a ƙofar aji. Iyaye suka yi layi da takardun haihuwa, tana karɓa tana rubuta suna da kwanan wata. Tun daga takarda ta farko ta ga shekarar. Ta san za ta zo, ta yi lissafinta tun tuni, amma ganinta a rubuce daban ne. Ta rubuta ta sau arba'in da ɗaya a ranar. Akwai mai kuka ya riƙe zanen uwarsa, akwai wadda haƙoranta na gaba suka fita tana ta murmushi da wawulo, akwai 'yan biyu da suka ƙi a raba musu benci. Wata 'yar siririya mai jaka da ta fi ta girma, an haife ta kwana tara bayan tata. Usur ta rubuta, ta ce wa uban ya tafi abinsa, za a kula da ita. Ta zaunar da su duka, ta koya musu yadda ake ɗaga hannu in ana son fita, ta nuna musu inda randar ruwa take. Ba wanda ya ga wani abu a fuskarta.

Da yamma Mai Fenti ya dawo ya same ta zaune a bakin gado, ko takalmi ba ta cire ba.

"Lafiya, Malama?"

"'Yan shekararta ne suka shigo aji yau."

Ya ajiye makullin a hankali.

"Ya tsayinsu?" ya ce.

Ta miƙe, ta ɗaga tafin hannunta daidai ƙugunta, ta ɗan ƙara sama kaɗan. Ya zuba ido a wurin da ke ƙarƙashin hannun. Ita ma ba ta sauke hannun ba.